Ƙibar Baba da Abin da Nake Zuba Masa a Kunu

Sunana Rifkatu, shekaruna sha shida, kuma saura ƙiris in kashe babana da garin dawa. Na fara da wannan ne don kada wani ya riga ni faɗa. Tun da Baba ya miƙe na ba da labarin nan sau dubu bakwai, a coci, a bakin famfo, a layin niƙa, har muryata ta dishe. Mama ta ce in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaya a miƙa masa. Zama wuri ɗaya ba halina ba ne, amma ga shi na zauna. In a gidanku akwai wanda ke ta ƙiba ba a san dalili ba, ku karanta har ƙarshe kafin ku ce masa "ka yi kyau".

Baba manomi ne. Muna zaune a cikin Mubi, gonarmu tana Mugulbu: masara, gyaɗa, da ɗan wake. Tun da na yi wayo na san shi siriri ne. Siriri na gaske. Idan ya tsaya a cikin masara sai ka ƙirga shi cikin kara.

Daminar waccan shekarar gwiwarsa ta dama ta fara ciwo, har huɗa ta gagare shi. Sai ga Baba Babba, wato yayan Baba. Shi ya riƙe Baba tun da kakanmu ya rasu, shi ya nema masa auren Mama, shi ya yanka masa gona. A gidanmu, in Baba Babba yana wuri, Baba ba ya magana a gaban baƙo. Haka muka taso muka gani. Ko kaza za a saya, Baba Babba ne zai taya, Baba kuma ya gyaɗa kai.

Ya kawo wani gari mai ruwan ƙasa a ƙulle cikin leda. Ya ce a wurin wani mai magani ya karɓo ranar kasuwa, saiwa ce zalla, cokali ɗaya a kunu kowace safiya. Mama ba ta yarda da maganin kasuwa ko kaɗan, kuma ni ce mai dama kunun safe. Sai Baba ya kira ni bayan rumbu.

"Uwata," haka yake kira na domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wannan tsakanina da ke ne. Uwarki ta ji, mun shiga uku ni da ke."

Na ji daɗi ƙwarai. Ban taɓa riƙe sirrin babban mutum ba.

Kwana uku, gwiwa ta yi shiru. Baba ya koma gona yana huɗa kamar an sa masa inji. Ledar ta ƙare, Baba Babba ya kawo wata. Ita ma ta ƙare, ya sake kawowa.

Zuwa kaka fuskar Baba ta fara cika. Zuwa Kirsimeti ta zama kamar faifai. Tumbi ya fito, ya riga shi shiga ɗaki. Sai ka gaida tumbin, ka sha ruwa, sannan Baba ya iso. A ƙofar coci mutane suna kama hannunsa.

"Malam Ishaya! Kai, Allah ya buɗa! Ka ga mutum?"

Wata tsohuwa ta dafa Mama ta ce, "Sai yanzu kika koyi girki, bayan shekara ashirin." Mama ta yi sati biyu tana tafiya kamar ta ci gasa.

Amma ni da nake kai masa ruwan wanka ina ganin abin da ba sa gani. Hannuwansa da ƙafafunsa ba su ƙaru ba, ƙara sirancewa ma suka yi, kamar an soka tsinke huɗu a jikin kabewa. Wani tudu ya taso masa a bayan wuya. A cikinsa ga wasu zane-zane ja-ja kamar na mai ciki. Ko ƙofa ya goga sai wurin ya yi baƙi. Idan ya tsuguna, tashi sai ya kama bango. Yana shan ruwa kamar raƙumi, yana zagawa kamar akuya. Ga faɗa. Baban da ko kaza ba ya kora, ya yi wa rediyo tsawa.

Ranar da ya kasa ɗaga buhun gyaɗa rabi, Mama ta ajiye muciya ta ce gobe asibiti.

Satin farko. Mun isa da sassafe, mun tarar da layi kamar tun bara suke wurin. Ni ce mai riƙe kati domin ni ke karanta Turanci. Na zauna, na tashi, na zagaya bishiya, na dawo, layin bai motsa ba. Na ƙirga silin, na koma ƙirga masu tari. Da azahar muka shiga: Baba Babba a gaba, Baba a baya, ni a bakin ƙofa. Wani saurayin ma'aikaci ne, a gajiye, ko fuskarmu bai kalla sosai ba. Ya ɗora Baba a sikeli, ya auna jini, ya ce jinin ya hau.

"Baba, a rage tuwo, a rage mai, a rage gishiri. Na gaba!"

Wuni guda muka ba su, suka ba mu minti uku. Ban zage shi ba, domin na ga abin da ke bayanmu a layi. Amma na harare shi da kyau.

Sati na biyu da na uku Mama ta kafa dokar soja. Malmala ɗaya, miya ba mai. Baba yana kallon kwanonmu kamar maraya. Shawara kuwa ta cika gidan har ba wurin taka ƙafa. Wannan ya ce lemon tsami a ruwan ɗumi. Wancan ya ce zogale. Wata gwaggo ta zo tun daga Bahuli don ta gaya mana jifa ne, kuma ta san wanda ya yi, amma ba za ta faɗa ba sai ta ci abinci. Matan zumuntar coci suka zo suka yi addu'a da waƙa, Allah ya saka musu, sun bar mana sabulu da shinkafa. Duk wannan ana yi, ni kuma kowace safiya ina juya baya ina zuba cokalina a kunu. Baba bai ragu ko da yatsa ba. Ƙaruwa ma ya yi.

Wadda ta yi magana mai kan gado ita ce maƙwabciyarmu Hajja Falmata, 'yar Borno mai sayar da turaren wuta. Ta leƙo ta katanga ta daɗe tana kallon Baba.

"Maman Rifkatu, mutumin da ba ya ci kuma yana ƙiba, wannan ba ƙiba ba ce. Ku koma. Akwai wata likita gajeriya mai gilashi, ranar Laraba take zama. Ku ce ita kuke so. In sun hana, ku zauna a ƙasa."

Sati na biyar muka same ta. Ba mu zauna a ƙasa ba, amma Mama ta kusa. Aka ce mutum biyu kawai za su bi mara lafiya, don haka Mama ta tsaya a waje, Baba Babba ya shiga a matsayin babba, ni a matsayin mai kati.

Wannan likitar ba ta sauri. Ta ce ƙiba iri-iri ce, kuma kafin a ce wa mutum ya rage tuwo sai an san wace iri ce tasa. Ta danna ƙaurin Baba da yatsa ta jira ta ga ko ramin zai zauna. Ta ce in ya zauna, ruwa ne ya taru, sai a duba zuciya da ƙoda da hanta. Bai zauna ba sosai. Ta taɓa maƙogwaronsa. Ta tambaya ko yana jin sanyi fiye da kowa, ko yana munshari, yaushe abin ya fara, me ya canza a lokacin. Ta sa ya zauna a kujera ya tashi ba tare da ya dafa komai ba. Ya kasa. Ta ɗaga rigarsa ta ga zanen nan, ta duba tudun wuyan. Sai ta cire gilashi.

"Baba, kana shan wani magani?"

"Ba ya shan komai," in ji Baba Babba.

"Na kemis, na gargajiya, na shafawa, allura, ko na ciwon gaɓoɓi?"

"Likita, ƙanena ne. Ni na rene shi. In yana sha, zan sani."

"Shi nake tambaya, Baba."

Baba ya kalli yayansa, ya kalli ƙasa. Ya girgiza kai.

Ku fahimce su. Baba Babba yana tsoron a yi masa faɗa a gaban ƙanensa da 'yar ƙanensa, kuma a ransa saiwa ba ta cutar da kowa, to me ya kawo ta cikin maganar asibiti? Baba kuma in ya ce "ina sha", ya ƙaryata yayansa a gaban baƙuwa. Ya gwammace ya fashe.

Ni kuwa maganar ta zo har bakina. Baba ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, na haɗiye ta.

Likita ta rubuta awo: jini, fitsari, suga. Ta ce mu dawo bayan sati biyu. Muna fita ta ce, kamar da kanta take magana, "Irin wannan ƙibar, ta fuska da ciki da wuya, sau da yawa daga magani take zuwa." Su ba su tsaya ba. Ni na ji.

Awon ya cinye mana akuya ɗaya. Ba wannan ya dame ni ba. Kwana biyu ban iya zama ba, ban iya cin abinci ba, na share tsakar gida sau huɗu har Mama ta taɓa goshina. In na gaya wa Mama, na karya alkawari, kuma gidan zai kama da wuta. In na yi shiru, ni ce ke ɗura masa ciwon da hannuna. Sai dabara ta zo mini, kuma na rantse a lokacin na ɗauka ni ce mafi wayo a duk Adamawa. Na soya garin dawa har ya yi ruwan ƙasa, na daka busasshiyar shuwaka na zuba don ɗaci, na ƙulle a leda, na koma zuba masa shi a kunu. Na ainihin na ɓoye shi a cikin gwangwanin madara a bayan tukwane. Ba wanda zai ji kunya, ba wanda zai yi faɗa, Baba zai sace kamar tayar keke. Har na fara tunanin yadda za a gode mini.

Rana ta farko lafiya. Rana ta biyu ya ce gwiwa ta dawo, jiki duk ciwo. Rana ta uku bai je gona ba, ga shi lokacin shuka ne. Yana kwance, ba ya son abinci, yana amai. Aka ce zazzaɓin sauro ne, aka karɓo magani a kemis. Na ce a raina, to, guba ce take fita. Rana ta huɗu da hantsi ya tashi zai zaga, ya yi taku uku, ya zube a tsakar gida kamar an yanke igiya.

Daga nan ba ni da abin dariya.

Jikinsa sanyi, gumi yana keto masa. Mama tana kiran sunansa, sunan da ban taɓa jin ta faɗa ba. Hajja Falmata ta fito ba mayafi ta tare mai keke napep a titi. Mutum huɗu suka ɗaga shi. Ni ban san lokacin da na shiga ɗakin girki na ɗauko gwangwanin nan na cusa a zani ba. A hanya Baba ya buɗe ido ya kalle ni ya ce, "Wace ce wannan?"

A asibiti suka sa masa ƙarin ruwa. Nas ta auna jini, ta sake aunawa, ta ce mutumin da jininsa ke hawa, yau ya faɗi ƙasa warwas. Baba Babba ya iso yana haki. Allah ya sa likitar nan tana nan. Ta duba kati, ta duba Baba, ta juyo gare mu.

"Me ya canza a satin nan? Me ya fara sha, ko me ya daina sha? Ba ni da lokacin kunya. In ba ku faɗa ba, zan iya rasa shi yau."

"Ba ya shan..." in ji Baba Babba.

"Yana sha!"

Ni ce. Muryar ta fito kamar ta akuyar da aka taka. Na fito da gwangwanin, na faɗi komai a tsaye, ina kuka ina majina: ledar, kunun, wata goma, garin dawa, shuwaka. Mama ta ɗora hannu biyu a ka. Baba Babba bai kalle ni ba.

Likita ba ta tsaya yi wa kowa faɗa ba. Ta ba da umarni, nas ta ruga, aka yi wa Baba wata allura ta jijiya. Sai bayan nan ta zazzage garin a kan farar takarda ta baza shi da bayan biro. A cikin ruwan ƙasan nan ga wasu 'yan farare-farare.

"Saiwa ba ta yin wannan," in ji ta. "Ƙwaya ce aka niƙa a ciki."

Ta faɗi sunanta, sitiroyid, kalmar da ba zan manta ba ko na tsufa na manta sunana. Ta ce magani ne na gaske, a asibiti ma ana ba da shi, yana kashe ciwo kamar sihiri, shi ya sa marasa tsoron Allah ke niƙa shi cikin gari su ce saiwa ce. Ta ce jikin mutum yana yin irinsa da kansa, ɗan kaɗan, kullum. In aka daɗe ana ba shi daga waje, sai jikin ya daina yi, ya kwanta barci. Ranar da aka yanke gaba ɗaya, ba na waje, ba na ciki.

Ta dube ni. "Zarginki daidai ne. Abin da kika yi da shi ne ya kusa kai shi kabari. Da kin kawo mini gwangwanin nan ran nan, da ba mu zo nan ba."

Kafin la'asar Baba ya buɗe ido ya nemi ruwa. Ya kalle ni ya ce, "Uwata, me ya sami hancinki?" Na fita waje na zauna a bakin kwata na yi kukan da ya fi na farko.

Kwana shida muka yi a asibiti. Na gode wa nas ɗin nan mai faɗa, wadda ke korar mu daga ɗaki da tsawa amma ta gyara wa Baba matashi kamar ubanta. Ban gode wa banɗakinsu ba, kuma ba zan gode ba. Hajja Falmata kullum sai ta aiko kunun gyaɗa. Mama ba ta yi mini magana ba sai a rana ta uku, shi ma cewa ta yi, "Miƙo mini kofi, likitar gida."

Abin mamaki, maganin da aka sallame mu da shi shi ne wanda ya kwantar da shi. Amma yanzu ƙwaya ce mai suna, mai awo, ana rage ta kaɗan-kaɗan don jikin ya farka. Mama ce ta karɓi aikin. Ni an kore ni daga kunu har abada. Watannin nan ba su da daɗi. Duk lokacin da aka rage, sai Baba ya yi kwana biyu kamar an yi masa duka, ni kuma in yi ta leƙa ɗaki ina duba ko cikinsa yana motsi, har ya fara jifa na da takalmi. Gwiwa ta dawo da ciwonta, aka ba shi wani magani daban da motsa ƙafa. Suga da ya hau ya fara sauka. Gonar kuwa, Baba Babba ne ya kwashi 'ya'yansa suka shuka ta, suka nome ta, bai ce wa kowa komai ba. Haƙurin da ya bayar ke nan, kuma Mama ta karɓa.

Ga abin da nake so ku riƙe. Wanda ke ƙiba a fuska da ciki, ƙafafu suna sirancewa, ƙarfi yana tafiya, kada ku taya shi murna, kada kuma ku hana shi tuwo kawai. Ku kwashi duk abin da yake sha, na leda, na kwalba, na takarda, na shafawa, ku zube a gaban likita. Kuma don Allah kada ku yanke masa da kanku. Ni na gwada muku.

Bayan an girbe masara muka koma a ji ko jikin Baba ya farka. Fuskarsa ta sauka, ana ganin kunnuwansa kuma. Na kasa zama a benci, na yi ta kai da kawowa har wata mata ta tambaye ni ko fitsari nake ji. Muka shiga yadda muka saba, Baba Babba a gaba. Likita ta karanta takardar awo, ta daɗe tana dubawa.

"Ya farka," in ji ta. "Daga yau ba sauran ƙwaya." Sai ta ɗauki biro. "Akwai wani abin da kake sha?"

Baba Babba ya buɗe baki. Baba ya ɗora hannu a gwiwar yayansa.

"Yaya, bari in faɗa."

Ban taɓa jin haka ba tun da aka haife ni. Baba Babba ma bai taɓa ji ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe. Baba ya lissafa: maganin gwiwa, maganin jini, goro rabi, shayi in an samu. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalba mai baƙin ruwa, murfinta ko buɗewa ba a yi ba, ya ajiye a kan tebur.

"Wannan ma an ba ni shekaranjiya. Ban sha ba. Na ce sai kin gani."

Likita ta ɗaga kwalbar ta kalli haske. "Wa ya ba ka?"

Baba Babba yana kallon fanka kamar yau ya fara ganin fanka. Can ya yi gyaran murya.

"Wannan ba irin wancan ba ne, likita," in ji shi. "Wannan daga Kamaru aka kawo."

Likita ta buɗe aljihun tebur ta jefa kwalbar ta rufe. Baba ya miƙe daga kujera bai dafa komai ba, ya karɓi katinsa daga hannuna, ya riƙe da kansa.